Likkafanin Inna a Bangon Yerevan

Dir'iyya, ranar Asabar

Zuwa ga ƙanwata Safiatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gidan da kike wa aiki.

Tunda kin daina ɗaga wayata, kuma namiji ba ya wuce ƙofar gidan nan naku na unguwar Al-Murabba, na ba Isiyaku direbanku wannan takarda. Kafil, ubangidana na wurin aiki, ya sa mini hannu a hutu, zan tafi Damagaram ƙarshen wata. Kawu Moussa ya kira ni ya ce jikin Inna ya ƙi, ko kunu sai an lallashe ta, idon ma ya rufe gaba ɗaya. Zancenta kullum ɗaya ne, likkafaninta. Kin san wanda nake nufi: farin ƙyallen da ta kaɗa zarensa da hannunta, ta kai wa masaƙi, ta damƙa miki ranar tahowarki don ki wanke mata shi da zamzam. Na san kun yi Umra da azumi, don haka babu sauran uzuri.

Duk sanda na tambaye ki shi sai ki shiga ba ni labarin zafin gari, kamar ni a cikin firij nake ɗaukar siminti. Ki naɗe shi ki ba Isiyaku.

Allah ya tsare. Yayanki,
Harouna

Al-Murabba, ranar Talata

Yaya Harouna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ya aiki, ya rana. Labarin Inna ya hana ni cin abinci, Allah ya ba ta sauƙi.

Ƙyallen ba ya wurina. Yana ƙasar Armeniya, a wani birni da ake kira Yerevan, rataye a bango. Ka zauna ka karanta kafin ka fara tafasa.

Na wanke shi da zamzam kamar yadda ta ce. Da na shanya a saman bene sai Madam, uwar gidan, ta gani, ta tsaya tana shafa ɗinkin da aka harhaɗa layukan da shi, ta tambaye ni mene ne. Ka faɗa mini, Yaya, wace 'ya ce za ta buɗe baki ta ce likkafanin uwata ne, alhali uwar tana raye? Bakina bai iya ba. Na ce zanen Inna ne. Da zafi ya tsananta suka tafi hutu can, ni ce mai riƙon yara, Madam ta ce in taho da shi akwai wadda za ta nuna wa.

Kai da ba ka san ko'ina ba sai ramin gini, bari in ba ka labari. Garin nan duk da jan dutse aka gina shi, ga wani tsauni can nesa da ƙanƙara a kansa. Aikin baƙi shi ne yawo daga wannan gidan tarihi zuwa wancan. Akwai wani a kan tudu, ba komai a ciki sai tsofaffin littattafan rubutun hannu, har da na Larabci, kowanne a kwance cikin gilashi kamar jariri. Akwai matakalar da ƙafata ta kusa cirewa wajen hawanta, an jera gumaka a gindinta, har da wata ƙatuwar kyanwa da yaran suka ƙi bari. Akwai na dardumai. A wani ƙaramin gidan nune-nune kuma, na wata tsohuwa ƙawar Madam, abin da mata suka kaɗa suka saƙa kaɗai ake ratayewa, kowanne da sunan mai shi a ƙasa.

Tsohuwar nan da ta ga na Inna sai da ta sa safar hannu kafin ta taɓa. Ta ɗaga shi ga haske ta ce zaren bai yi kauri a nan ya yi siriri a can ba, hannun da ya yi shi ba ƙaramin hannu ba ne. Ta roƙi aronsa zuwa ƙarshen sanyi. Ba wanda ya tilasta ni, ni na ce to. Na ga mutane sun tsaya shiru gaban aikin Inna, na ga sunanta a rubuce da harshe uku. Tun tasowata nake ganin Inna da mazari a hannu, ban taɓa jin wani ya ce mata sannu ba, har da kai.

Ka gaida abokan ɗakinka. Ƙanwarka,
Safiatou

Dir'iyya, ranar Laraba

Safiatou,

Salamu alaikum. Gaisuwa ce ta addini, don ba ni da wata.

Na karanta labarin yawonki, har da kyanwa. Sunan da ni da ke ba mu taɓa furtawa ba tun da aka haife mu, shi kika bari aka kafa a bango, kowane ƙato ya zo ya karanta da takalmi a ƙafa, ya ɗauki hoto ya wuce. Kunya ta hana ki cewa likkafani, amma ba ta hana ki rataye shi ba. Inna ba don a ce mata sannu ta kaɗa zaren nan ba. Audugar gonar Baba ce ta shekarar da ya rasu, ta ce ita take so ta taɓa jikinta a ƙarshe. Amana ta ba ki, ba kyauta ba.

Kin ce zuwa ƙarshen sanyi. Wa ya ba ki tabbacin Inna za ta kai? Mu ma nan Dir'iyya tsohon gari muke gyarawa don baƙi su zo kallo, na san yadda abin yake: abin da masu shi suka gama da shi ake nunawa. Inna ba ta gama da nata ba.

Ki je ki faɗa wa Madam ɗinki gaskiya yau. In ba za ki iya ba, zan zo in tsaya a ƙofar in faɗa da ƙarfi, ko da zai ci mini iƙama, takardar zamana a ƙasar nan.

Harouna

Al-Murabba, ranar Lahadi

Yaya,

Ina gaishe ka, ko ba ka amsa ba.

Ba sai ka zo ka yi mana tallan murya a titi ba, na faɗa mata. Ta zage ni tas da Larabci, ta ce na sa ta rataye mutuwar mutum a ɗakin kallo, sannan ta zauna ta yi kuka. A gabana ta kira tsohuwar. Ita kuwa ba ta ja zance ba, ta ce za ta sauke shi kafin a buɗe ƙofa, wai su ma mutane ne da suka san zafin rasa abin da za a rufe nasu da shi. Amma abin da ya shiga gidan nune-nune ba ya fita haka kawai, sai an yi masa takardun fita ƙasa. Ta ce yana hanya.

Ka roƙi kafil ya ɗaga maka tafiyar kaɗan. Na san za ka ce tikiti ba ya jiran kowa, amma ka gwada. Kuma ka daina rubuta mini kamar kai kaɗai ta haifa. Ni na yi jinyar ƙafarta kafin in taho, kana nan kana aiko gaisuwa ta bakin mutane. Na yi ganganci, ban musa ba, tsoro kuma ya cika ni. Amma ban yi nadamar ganin an tsaya gaban aikinta ba, ba zan yi maka ƙarya ba.

Allah ya huci zuciyarka.
Safiatou

Al-Murabba, ranar Juma'a

Yaya,

Salamu alaikum. Ƙyallen ya iso yau da hantsi. Na aiki Isiyaku da shi Dir'iyya, abokan ɗakinka suka ce tun jiya ka tashi. Na ɗauki hoton wannan takarda na tura maka. Ka faɗa wa Inna yana hannuna, ina neman matafiyi. Don Allah ka ba ni amsa.

Safiatou

Damagaram, ranar Litinin

Safiatou,

Wa alaikumus salam. Inna ta rasu jiya bayan Azahar, an kai ta kafin Magariba. Allah ya jiƙanta.

Da na iso, kafin ta tambayi hanya ta tambayi ƙyallen. Dama na sayi farin yadi a kasuwar Batha kafin in taso saboda haka, na sa mata a cinya na ce ga shi. Ta murza bakinsa da yatsu biyu, ta daɗe tana murzawa. Sannan ta ninke ta miƙo mini, ta ce, “Safiya dai lafiyarta ƙalau ko?” Na ce lafiya lau. Ba ta sake zancensa ba.

A cikin yadin aka rufe ta. Ki daina neman matafiyi.

Sai wata rana,
Harouna