Motar da Ba Ta Barci

Litinin, 4 ga Yuli
An jawo motar Kawu gareji da safe. Batir ya sake mutuwa, sabo fil wanda na sa mata da hannuna watan jiya. Yaya, babbar 'yarsa, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ce, "Wannan ne karo na ƙarshe. In ta sake mutuwa sayar da ita zan yi. Baba ko tuƙa ta ba ya yi." Na ce to. Ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarsu, wa zai ja da ita?

Amma na san matsayin motar nan a wurin Kawu. Da ya ajiye aiki ya saye ta, 'yar Turai, doguwa, baƙa wuluk. Shi ne ya kai ni koyon gyaran wutar mota, shi ya laƙaba mini suna Likita. In aka sayar da ita saboda na kasa, da wane ido zan dube shi?

Talata, 5 ga Yuli
Caji lafiya lau. Wayoyi ba inda ɓera ya taɓa.

Irin waɗannan motoci ba sa mutuwa da zarar ka kashe su. Ƙananan kwamfutocin cikinsu kwanciya suke ɗaya bayan ɗaya, kamar gida mai yara da yawa. In ɗaya ta ƙi barci, ita za ta yi ta zuƙar batir har ya ƙare. Na ɗaura mita, na kulle motar, na zuba ido in kama mai ƙin barcin. Duk suka kwanta. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni sha'awa.

Alhamis, 7 ga Yuli
Har yau batir a cike. Dogo mai gyaran inji ya ce ko dai motar garejinmu take so, in bar ta mu riƙa shan iska a ciki. Na mayar da ita gida.

Lahadi, 10 ga Yuli
Ta mutu. Yaya ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa, wanda ya fi faɗa muni. Na roƙi mako guda.

Ashe ciwon ba a jikin motar yake ba, a gidan yake. To mene ne a gida da ke hana mota barci?

Litinin, 11 ga Yuli
Na tafi da kayan aiki. Motar tana inda take kullum, tsakanin ƙofar falo da ƙofar waje. Na sa wayata tana ɗaukar bidiyo a cikin but, wurin kaya na baya, na rufe, ko fitilar ciki ce ba ta mutuwa. Duhu kawai na ɗauko.

Na tuna cewa motar tana jin makullinta in ya matso. In makulli na jikinka ka taɓa hannun ƙofa, sai ta farka gaba ɗaya, ta buɗe kanta. Na tambayi Yaya ina ake ajiye shi. Ta ce, "A aljihun Baba mana. Ko wanki za a yi sai an yi rigima kafin ya ciro shi."

Ga wani abu kuma. Ƙura ta lulluɓe motar, amma a gefe guda akwai layi fes, daga fitilar gaba har ta baya, daidai tsayin hannu. Wa ke goge mota layi ɗaya?

Laraba, 13 ga Yuli
Ban san ta inda zan fara ba.

Na zo da hantsi, na zauna a kan benci kusa da motar, a fili, ba ɓuya na yi ba. Kawu ya fito. Ya dubi inda nake kamar ba kowa a wurin. Ya miƙa hannu yana lalube har ya sami bonet, ya bi jikinta a hankali. Da ya kai hannun ƙofa ta yi ƙaras, madubai suka buɗe, fitilu suka haska. Ya wuce ta baya, ya kai but, daga nan ya saki ya nufi ƙofar waje, wurin abokan hirarsa.

Na yi sallama. Sai ya juya wajen da ba na nan.

Na ce, "Kawu, tun yaushe?" Ya ce tun yaushe me. Na ce idon. Can ya ce, "Kamar hayaƙi ne, Likita. Kullum ƙaruwa yake." Ya ce motar ce ke kai shi ƙofa ta dawo da shi, sau nawa a yini shi ma bai sani ba. "In ka faɗa wa yayarka, a ɗaki za ta naɗe ni kamar tsohuwar tabarma."

Na gano ciwon, kuma ban ji daɗin da na saba ji ba. Tausayinsa ya kama ni, da haushin kaina. Sau nawa na zo gidan nan ina leƙa ƙarƙashin mota, ban dubi fuskar mai ita ba?

Alhamis, 14 ga Yuli
Gyaran bai kai a kira shi aiki ba. Na jona kwamfuta, na kashe abin da ke sa hannun ƙofa ya ji taɓi. Yanzu ko rawa ya yi a jikinta ba za ta farka ba. Yaya ta tambaya, na ce hannun ƙofa ne. Ban yi ƙarya ba. Sai dai ban faɗa mata duka ba.

Asabar, 16 ga Yuli
Na ce wa Kawu ko ku faɗa wa Yaya, ko ni in faɗa. Ya kira ni mara kunya, ya ce da ya sani ɗinki zai kai ni koyo. Sannan ya ce a kira ta.

Yaya ta saurara har ya gama, tana murza gefen mayafinta. Sai ta ce, "Baba, kun zaci ban ga yadda kuke zuba shayi ba?" Ashe ta daɗe da lura. Batir ba shi ne damuwarta ba. Tsoro take kada wata rana ya shiga motar ya tayar, ga makulli a aljihu, ga ido babu. Ta kasa faɗa masa, shi ya sa ta kama maganar sayarwa. Shi kuma ya ce ai saboda tsoron nan ne ya daina tuƙi da kansa, ba wanda ya sa shi. Ta yi kuka. Ni na fita duba tayoyin da ba abin da ya same su.

Talata, 19 ga Yuli
Na kai su asibitin ido, ni ke tuƙi. Likitan gaske ya ce yanar ido ce, ana iya yin aiki, ido ɗaya dai ba tabbas. Kawu ya gyara mini tuƙi tun daga gida har can.

Asabar, 23 ga Yuli
Mota ba za a sayar ba. Amma Kawu ya ce na lalata masa ita. Wai da in ya taɓa ta sai ta amsa, da ƙarar nan yake gane ya kai rabin hanya, yanzu kuwa ta yi gum kamar mai fushi da shi.

Na ce masa abin da yake kira amsa shi ne ciwon. Na yi ta bayani.

Da yamma na koma da kwamfuta, na kunna abin da na kashe. Na jawo waya daga soket ɗin baranda, na bi da ita jikin bango inda ƙafarsa ba za ta harɗe ba, na jona wa batir ƙaramar caja. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa mayar wa mota ciwonta da hannuna ba. Kada Dogo ya ji.

Zan riƙa leƙawa duk Asabar. Don cajar ne, ana so a riƙa duba ta.

Kafin in fito ya zo wucewa, ya taɓa ta, ta yi ƙaras. Ya ce mata, "Yauwa, ina gajiya?"