Ni Mai Amshi Ce, Malam

Zuwa ga maigidana, Malam Istifanus,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san ba mai kai maka wannan takarda, kuma ko an kai ba za ka karanta ba. Amma idan ban faɗa maka ba, wa zan faɗa wa?

Malam, 'yarmu Ladi ta ɓace mini.

Bayan da aka tare ka a hanyar kasuwa, a makon da fushin kisan Inyamurai da aka yi a Arewa ya sauka kanmu a Inugu, maƙwabcinmu mijin Mama Nkechi ne ya ɗauko gawarka, ya rufe ka da hannunsa. Daga nan aka ce duk 'yan Arewa su tafi. Alhaji Sani mahauci ya kai mu tashar jirgin ƙasa tare da iyalinsa. Ina riƙe da hannun Ladi gam. Jama'a suka turo, na faɗi, da na tashi babu ita. Alhaji ya yi roƙon duniya in shiga jirgi, na ƙi. In je Zariya in ce wa mahaifiyarka me? Jirgi ya tafi ya bar ni, sannan yaƙi ya zo. Mama Nkechi ta ɓoye ni a ɗakin girkinta har sojojin tarayya suka shigo gari.

Wasu sun ce sun ga wata mata ta ɗauki yarinya mai kuka a tasha. Ka san 'yarka, Inyamuranci ya fi Hausa zama a bakinta. Ƙila yanzu an sa mata wani suna. Idan na kira Ladi, za ta waiwayo kuwa?

Shi ne na tuna da waƙarmu ta Lahadi a ɗan cocin nan namu na unguwar Uwani. Ka tuna tsohon Baturen reluwe, ɗan Sikotlan, da ya koya muku rera ta irin ta tsibirinsu? Ba ganga, ba molo. Mutum ɗaya ya ba da baiti, sauran su amsa suna ja a hankali, kowa da nasa jan. Ku kuka zuba mata kalmomin Hausa, shi kuma ya zauna a baya yana share hawaye, wai ta kai shi gida. Mu ma ai gida take kai mu. Kai kake bayarwa. Ladi kuwa ba ta taɓa bari ka rufe baki ba, sai ta faɗo da amshi kafin kowa, kai kana harararta kana danne dariya. Na ce a raina, ko ta manta sunanta, wannan ba za ta manta ba.

Saboda haka nake bin sansanonin 'yan gudun hijira, daga Inugu zuwa Anacha, yanzu ga ni a Fatakwal. Duk inda na ga an tara yara sai in tsaya in ba da baitin farko, in yi shiru in saurara. Wasu na cewa na haukace. Wata rana an jefe ni da suka ji Hausa. Wannan bai dame ni ba.

Abin da ya kashe mini jiki shi ne haɗuwata da Baba Dogo, wanda yake zama bakin ƙofa a cocinmu a da. Yana nan da rai, yana gadi a mayankar Fatakwal. Na rera masa, ya girgiza kai, ya ce ba haka kake ɗaukowa ba. Ashe muryar mai bayarwa daban, ta masu amshi daban. Ni muryar amshi nake bayarwa tun farko! Na ce ya gyara mini, ya buɗe baki, shi ma amshin ne ya fito. Dukanmu masu amshi ne, Malam. Bature ya koma ƙasarsu, jama'armu sun watse, kai kuma ka tafi da muryar bayarwar.

Tun ranar ba ni da sukuni. Sansani nawa na wuce? Ko ta ji ni a Anacha, ta ɗaga kai, ta ji ba haka babanta yake ɗaukowa ba, ta sunkuya?

Na sha tsokanarka cewa kana jan baiti kamar mai kiran shanu. Ban taɓa gaya maka ba, amma tun ina budurwa, idan ka ɗauko waƙa ba na jin komai sai ƙirjina. Fuskarka nake kallo, ina jiran wurin da zan shigo. Da na san haka, da na kasa kunne.

Sama kake farawa ko ƙasa? A ina kake karya muryar? Na gwada ta kowace hanya har muryata ta dishe.

An ce akwai wasu yara a wata makaranta bayan gari, can zan je gobe, kuma ban san abin da zan rera musu ba. Don Allah, Malam, ko a mafarki ne, ka ba da baitin sau ɗaya. Na yi alkawari ba zan amsa ba. Saurare kawai zan yi.

Allah ya ba ka hutawa. Ni ban samu ba tukuna.

Matarka,
Rifkatu