Ku Dakata da Siminti Har Ruwan Farko Ya Sauka

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin da ya gyara hanyar yawo ta duwatsun tsohon karofi, a nan Damagaram.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu da aiki, kai da duk waɗanda ke tare da kai. Da fatan ana jure zafin bazarar nan lafiya.

Sunana Habu. Ana ce mini Mushe Habu, yadda ake kiran malaman boko a nan, saboda na koyar a lekol har na ajiye aiki. Ina zaune a Kara-Kara, amma iyayena da kakannina marina ne, kuma ɗaya daga cikin rijiyoyin rinin da kuka share kuka kewaye ta mahaifina ce. Na zo biro ɗinku, wato ofishin kwamitin, sakatarenka ya ba ni kujera da ruwa mai sanyi, ya ce kana taro. Na koma, ya ce ka yi tafiya. Ruwan dai na sha, na gode. Na rubuto a fili ne saboda abin da ke tafe da ni ba zai jira dawowarka ba.

Kafin in shiga magana, in faɗi abin da ke gaskiya: hanyar ta yi kyau. Na bi ta duk da ciwon gwiwa, daga bakin rijiyoyin har ƙolin dutse, inda mutum ke hango tsohon birni a gefe guda, a ɗaya gefen kuma gawo da gonaki har wajen Gouna. Lokacin da nake koyarwa nakan kawo 'yan ajina nan, mu ratsa juji da ƙarangiya, in koma gida ina tsintar ƙaya a wando. Yanzu da la'asar sai ka ga mutane da iyalinsu suna hawa, ana nuna wa yara inda ake rini a da. Ba ni da faɗa da wannan. Faɗana a kan ɗan fili ne guda, kuma zan bi maganar daki-daki.

Na farko. Filin da ke bayan rijiyoyin, tsakanin manyan duwatsu biyu da tsohuwar kurna, maƙabarta ce. A nan marina ke binne nasu tun kafin a haifi kakana. Ba ta da shinge, ba ta da allo, domin duk wanda ya kamata ya san ta ya san ta. Mu ba ma rubuta suna a kan kabari. Al'adarmu ita ce idan mutum ya rasu a ɗauko tukunya ko randar da yake amfani da ita, a fasa, a kafa tsingaron a wajen kai. Da yake kayan gidan marina ne, da wuya ka ga wanda shuni bai taɓa ba. Kowane gida ya san nasa, kamar yadda mace ke gane kwanonta a gidan biki. Mahaifiyata, Inna Amsatu, ita ce ta ƙarshe da aka kwantar a can, don ta roƙa a ajiye ta kusa da mijinta. Ni na kafa mata wuyan randarta da hannuna.

Na biyu. Gwiwa ta kwantar da ni tun daga azumi. Ranar Juma'ar da na samu sauƙi na je ziyara, sai na tarar da fili fes. An kwashe tsingaro kaf, an baje tudun, an shimfiɗa jar ƙasa an daddaɓe. Na tsaya a tsakiya ban san inda zan aza ƙafa ba, don ko ta ina na taka, mai yiwuwa kan wani nawa ne. Na nemi shugaban ma'aikatan, na same shi mutum mai ladabi, ba ɗan garin nan ba. Ya ce wallahi ba wanda ya gaya musu. Ya ce umarnin da aka ba su shi ne duk abin da suka gani mai launin shuni su tattara shi a hankali, kayan tarihi ne, kada ko guda ya ɓata. Kuma sun bi umarni, ko guda bai ɓata ba. Da shara suka ɗauke su, da na ce rashin kula ne. Daraja su suka yi, kuma darajar ce ta raba mu da matattunmu. Ban ga laifin leburan da ya duƙa ya tsinta ba. Tambayata ita ce yaya aka yi kwamitin da ya zo kare tarihin marina ya gama aikinsa bai zauna da marini ko ɗaya ba, alhali muna nan da ranmu, wasunmu ma a unguwar da ke maƙwabtaka da wurin.

Na uku. Tsingaron suna nan a bangon ado da kuka gina a mashigar hanya, an lilliƙa su cikin siminti jere-jere. Allon da ke sama ya ce kayan aikin marina ne na da. Allon bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi inda aka tsinto su ba. Na mahaifiyata yana wajen dama, daidai ƙirjin mutum. Ba zan taɓa rikita shi da na wani ba. Mahaifina idan ya dawo daga karofi hannunsa shuɗi ne har gwiwar hannu, kuma kullum wuri guda yake dafawa a bakin randa idan zai ɗebi ruwa. Inna ta yi faɗa, ta goge, ta sake faɗa, har ta haƙura. Shekara da shekaru wurin ya rine, yatsun ma ana iya ganin shatinsu. To yanzu nan ne aka fi so a tsaya a ɗauki hoto, don ya fi sauran launi.

Ban gaya wa yayata Mariyama ba, wadda ke aure a Garagumsa, don tana da hawan jini. Jikarta ce ta zo yawo, ta ɗauki hoto a jikin bangon, ta koma tana nuna mata a waya cewa ga yadda aka gyara wurin kakanni. Yaya ta yi shekaru tana cika wannan randa, kallo ɗaya ta gane ta. Ta kira ni, ba ta ko gaishe ni ba, ta ce in randar Inna tana jikin bango, to me ke kan Inna? Ranka ya daɗe, na binne iyaye da 'yan'uwa ban yi kuka a gaban mutane ba, amma ranar na yi, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Na huɗu, kuma shi ne mai gaggawa. Shugaban ma'aikatan ya shaida mini cewa a kan wannan fili za a gina rumfar hutawa da kujeru, saboda ya fi ko'ina inuwa da iska. Haka ne, kakannina ma don haka suka zaɓe shi. Ya ce ana sauri a zuba siminti kafin damina ta faɗi. Na ga an riga an juye yashi da tsakuwa a gindin kurnar. Mu kuwa damina ce kaɗai ta rage mana. Ƙasar da aka taɓa haƙawa aka mayar ba ta zama ɗaya da wadda ba a taɓa ba. Idan ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, jar ƙasar da kuka shimfiɗa za ta lotsa a kan kowane kabari, layukan su fito. Daga jikin kurna mun san yadda aka jera su, mun san wa ke kusa da wa. Idan siminti ya riga ruwa, shi ke nan, za a zauna a kan mahaifiyata ana shan lemo ana kallon gari, ba tare da mai zaman ya san ya yi komai ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. A dakatar da zuba siminti a wannan fili har ruwan farko ya sauka. A kira gidajen marina mu tsaya tare da ma'aikatanku ranar da ƙasa ta nuna. A matsar da rumfar gaba, akwai fili a ɗaya gefen dutsen inda ba kowa a ƙasa. A ɗan karkatar da hanyar, a kuma sa allo ƙarami da zai ce nan maƙabarta ce, mai wucewa ya yi sallama ya yi addu'a. Shi ma ai tarihi ne. Ba na neman diyya, ba na neman a kori kowa daga aiki.

Na ƙarshe, a ciro mana tsingaronmu daga bango. Magini ya ce mini za a iya, in an bi a hankali. Sai dai kada a yi saurin miƙo mini na Inna. A bar shi inda yake tukuna, domin ko an ba ni shi yau, ban san inda zan kafa shi ba. Juma'ar da ta wuce ma a gaban bangon naku na tsaya na yi mata addu'a, wasu masu yawo suna jira in gama su ɗauki hoto.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa aikinku ya amfani garin nan. Allah ya jiƙan iyayenka in sun rigaya, ya sa 'ya'yanka su san inda za su tsaya ranar da suka zo maka ziyara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa ruwa ya riga siminti.

Wassalam.

Naka,
Mushe Habu ɗan marina,
Kara-Kara, Damagaram.