Makirufon da Ke Jin Kowa Ban da Ni

Zuwa ga Alhaji mai shagon kayan sauti,
Layin masu waya, Ƙofar Wambai, Kano.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, kasuwa kuma tana ci. Na ma san tana ci, tunda ta ci ni.

Ni ne tsohon nan mai sanda da ya zo shagonka bayan Babbar Sallah, wanda ka ba kujera har ka saya masa ruwan leda. Sunana Malam Bukar, daga Yakasai, na koyar a firamare tun zamanin En'e. Na sake zuwa shagon ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kullum sai a ce ka tafi masallaci. Allah ya karɓa. Amma ƙafafuna ba za su iya tsere da ibadarka ba, shi ya sa na rubuto a fili, ko wani abokin sahunka zai karanta maka.

Bari in tuna maka abin da ya kawo ni. Jikata Falmata, wadda ke karatu a Zariya, ta roƙe ni in naɗa mata tarihin gidanmu da bakina: yadda kakana ya taso daga Borno ya sauka a Yakasai, wa ya haifi wa, da labarin kakarta, marigayiya matata Yagana. Duk waɗanda suka san wannan sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Likita kuma ya ce abin da ke maƙogwarona gaba yake yi, ba baya ba. Da safe ina da murya zuwa hantsi, daga nan sai ta koma kamar iska a fasasshen tulu. Na gaya maka duk wannan, na ce kuma kuɗin fansho ne, a duba mini mai rahusa. Ka sauko da makirufo da wani dogon hannun ƙarfe mai lanƙwasa da ake maƙala shi, ka rantse irinsu 'yan rediyo ke amfani da su. Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Ba ka tambaye ni ko ina da tebur ba. Sai da na isa gida na ga ashe hannun nan baki gare shi wanda ake matsewa a gefen tebur. Alhaji, ɗakina tabarma ce, da buzu, da gado, da akwati, da buta. Tebur na ƙarshe da na zauna a gabansa na gwamnati ne, na kuwa bar musu abinsu ranar da na ajiye alli. Na matse shi a kujera 'yar tsugunno, ta kife. Na matse shi a bakin taga, ya gutsure mini ginin ƙasar da kakana ya yi, yanzu kazar maƙwabta ta samu wurin leƙe. Daga ƙarshe na ɗaure shi a gadon ƙarfen Yagana, wanda ba a taɓa jingina masa ko tsintsiya ba tun rasuwarta.

Na biyu. Sifirin ɗin hannun an yi shi ne don makirufo mai nauyi, wanda ka haɗa ni da shi kuwa kwalin ashana ya fi shi. In na jawo shi bakina na saki, sai ya miƙe a hankali ya nufi azara kamar an kira shi. Ni ina ƙasa ina ba da labarin kakanni, shi yana sama yana sauraron tsaka. In riƙe shi kuma hannuna rawa yake. Maƙwabcina Malam Sani tela ne ya rataya masa butata cike da ruwa, ya ce ai ko jaki da kaya ake ladabtar da shi. Dabarar ta yi, sai dai yanzu buta nake ba tarihi tana lilo a gaban hancina, kuma da zarar na rage ruwan na yi alwalar walaha, sai makirufon ya koma azara.

Na uku, nan ne babban laifin. Ka yabi makirufon ka ce ko numfashin sauro yana ji. Wallahi ba ka yi ƙarya ba. Yana jin injin markaɗen bayan gidana. Yana jin mai tallar kalanzir. Yana jin hon ɗin adaidaita daga bakin titi, da akuyar mai unguwa, da faɗan kwata tsakanin gidaje biyu da ba zan ambata ba, har na san mai gaskiya a cikinsu. Muryata ce kaɗai take can ƙasa kamar mai neman gafara. Wani mai ɗaura lasifika a wuraren walima ya duba shi ya yi dariya, ya ce makirufo iri biyu ne: akwai mai kwasar duk abin da ke ɗaki, wanda aka yi don ɗakin da aka toshe da katifa, akwai kuma wanda ba ya jin kowa sai bakin da ke kusa da shi, irin na hannun ladan. Ya ce kuɗinsu kusan ɗaya ne, kuma na biyun yana nan a cikin gilashin shagonka. Alhaji, kai ɗan birni ne. A wane gida na Yakasai ka taɓa jin shiru? Nan in maƙwabci ya yi atishawa daga ɗakinka kake masa addu'a.

Na huɗu. Gadon nan tsoho ne, duk jan da na yi wa hannun sai ya yi ƙara. Na tura wa Falmata naɗin farko, ta kunna wa uwarta, 'yata Bintu. Sai ga Bintu ta bugo waya tana ta kewaye-kewaye, wai ko akwai wani sabon labari a gidan da ba a sanar da su ba, wai ai aure sunna ne ba abin ɓoyewa ba. Ni da sai na yi shawara da gwiwoyina kafin in tashi daga buzu! Unguwa ta ji, yanzu Malam Sani ango yake kirana. Amma a nan kam na gode maka, domin tun Sallah Bintu ba ta kira ni ba sai ranar.

Abin da ya hana ni dariya shi ne saƙon Falmata. Ta ce daidai inda na fara zancen kakarta ne aka tayar da injin markaɗe, ko sunanta ba ta ji ba. A wurin nan na faɗi yadda Yagana ta shigo gidan nan, da abin da ta ce mini a ranarta ta ƙarshe. Ba magana ce da zan iya faɗa kullum ba, muryar kuma ba ta jirana.

Saboda haka ga roƙona. Ban ce a mayar mini da ko kwabo ba. Ka karɓi makirufonka ka ba ni irin na ladan. Ka karɓi hannun ƙarfenka, in ka ga dama har da butar, ka ba ni gajeren mazauni da zai tsaya a ƙasa gaban buzu. Nan gaba kuma in tsoho ya shigo shagonka, kafin ka tambaye shi nawa ya zo da shi, tambaye shi a kan me yake zama. In da hali ka kawo kayan da kanka da safe, ka zauna mu gwada. Akwai koko, kuma tabarmar ta daɗe ba ta ga baƙo ba.

In kuwa ibada ta sake riƙe ka har ka makara, to bar mini wannan ɗin, kada ka wahala. Zan bar wasiyya a kunna shi ranar jana'izata. Aikinsa zai yi kyau ranar, domin kowa na unguwa za a ji ban da ni, kamar yadda ya saba.

Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya ba ka tsawon rai har ka san daɗin zaman buzu, ya kuma ba ka jikokin da za su so jin muryarka tun tana fita.

Wassalam.

Naka,
Malam Bukar, Yakasai.