Rumfar Tirelar Baba Wynand

Bloemfontein, Nuwamba

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Mijina Dewald ya samo mai son sayen tirelar nan ta kwana da kuke ja zuwa bakin teku, har da rumfarta. Ɗakinka a gidanmu ya sha fenti. Kai ma ka san rumfar nan aikin mutum biyu ce, kuma Mama ta rasu. Me za ka je yi Hartenbos kai kaɗai?

'Yarka, Elsabé

*

Kroonstad, Nuwamba

Elsabé,

Gwiwa lafiya. Mijinki bai san abin da yake sayarwa ba. Ki faɗa masa: a bakin tamfol akwai igiya a ɗinke, ita ake zurawa cikin kwarmin ƙarfen da ke jikin tirela. Ɗaya na zurawa, ɗaya na ja. Sai sandunan rufi, sandunan tsaye, turaku, da babbar ɗamarar da ke riƙe ta in iska ta taso. Shekara talatin da wani abu ban fasa zuwa ba. In na kasa kafa ta bana, ku sayar, in tare a ɗakin naku.

Mahaifinki

*

Hartenbos, Disamba

Elsabé 'yata,

Anti Hendrina ce, wadda tirelarta ke kusa da taku tun kina tsalle a yashi. Ina gaida ku duka.

Ubanki ya iso, amma rumfa na nan a ƙasa. Kin san al'adar wurin nan, mutum na tsayar da mota maza sun taho da gudumarsu ba a kira su ba. Shi kuwa ya kore su kaf, wai an yi sharaɗi da shi kaɗai. Yana zura igiyar, in ya zagaya ya ja sai ta zame. Jiya ya zauna a rana ba inuwa yana tsoma busasshen burodi a kofi, ya yi ja kamar naman gashi.

Na ce, "Wynand, taurin kai zai kashe ka." Ya ce, "Ke dai kula da tukunyarki."

Sandunan ma ya kasa haɗa su. Mamanki ce ta shafa musu jan farce don a gane na rufi da na tsaye, shi bai taɓa kula ba. Ni na sani, don tare muka shafa, shekarar da mijina ya rasu ta koya mini. Tausayinsa nake ji, ga haushi. In ƙyale shi ne? Ko ku zo ku ɗauke shi?

Hendrina

*

Hartenbos, Disamba

Elsabé,

Gaisuwa. Rumfa ta tsaya. Hendrina ta zura, na ja. Ban ce ni kaɗai zan kafa ba, ki sake duba wasiƙata.

Ta ce wautar banza ce mutum biyu su riƙa kafa rumfa biyu. Baɗi tata za a sayar, tawa za mu riƙa kafawa tare. Ki ce wa Dewald ya yi wa mutumin nasa magana.

Mahaifinki