Zoben Alhajin Tsibiri

Asabar, bayan isha'i

A babbar gasar kartar poker ta nan Maradi, wadda 'yan Yamai da Damagaram suka cika, saura mu shida, ni kaɗai ce mace. Da aka haɗa mu tebur ɗaya, sai ga ni gaban Alhajin Tsibiri, ƙanen baban mijina. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba!

Wasan nan fuska ake karantawa, ni kuwa kaina ya ƙi ɗaguwa. Sau uku ina zubar da karta mai kyau don na kasa kallonsa. Haushi kamar in fasa ihu. Daga baya na koma kallon yatsunsa, na lura in ba shi da komai a hannu sai ya murza zobensa.

Da muka tashi ya ce a hankali, "Ɗiyata, ban gan ki ba, ba ki gan ni ba."

Na ce, "To, Baba."

Ni dai mijina ya san inda nake. Gobe ne wasan ƙarshe. Zan sunkuyar da kai yadda aka koya mini, idona a kan zoben nan.