Ka Ajiye Alli a Kan 997

Ya sanyin idona, inuwata in rana ta take, ruwan randata bayan doguwar tafiya, Dogon Malamina mai saurin karaya,

Ƙanwarka ta kawo mini saƙonka: wai ka haƙura da ni, tunda sau biyu kana zuwa neman aurena Baba yana sallamar ka ba amsa, ga shi ƙarshen zangon nan za a mayar da kai wata makaranta mai nisa. Ka haƙura? Da izinin wa? Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, har alli ya jiƙe a hannuna. Da na share hawaye sai na tuna da 1,022,117.

Ka tuna ranar da na rubuta ta a allon ofishin malamai, na ce a nemo mini abin da zai raba ta ba saura? Kowa ya koma kan shayinsa, kai kaɗai ka naɗe hannun riga. Ka ce biyu ba ta da rabo a nan, biyar ma haka, tunda da bakwai ta ƙare. Ka tara lambobinta suka ba ka sha huɗu, uku ma ta fita. Sai ka bi 'yan kaɗaicin nan da ba mai raba su sai ɗaya da su kansu: bakwai, sha ɗaya, sha uku, kana gumi, alli har a gemu. Ni kuwa ina yi maka kallon da manomi ke yi wa hadarin farko. Ranar zuciyata ta bi ka, har yau ba ta dawo ba.

Kwana da kwanaki kana fama har ka kai 997. Da ka hango dubu sai ka ajiye alli, ka yanke hukunci wai ita ma 'yar kaɗaici ce. Alhali ta gaba a layi, 1009, ita ce amsar! 1009 sau 1013, su biyu rak suka haife ta. Ka haƙa rijiya har ƙasa ta yi danshi, sannan ka fito ka ce ba ruwa.

Haka kake shirin yi mini? Baba ba ƙin ka yake ba, tsoro yake ka kai ni nesa sannan ka gaji. Jiya yana gyaran rediyonsa ya tambaye ni, kamar da wasa, ko dogon malamin nan ya daina zuwa ne. Na ce masa wanda na zaɓa ba ya daina zuwa. Kada ka mayar da ni maƙaryaciya a gaban mahaifina.

Asabar da yamma yana gida, kuma na riga na gaya masa kana tafe. In ya sake yin shiru, ka sake dawowa. Ko bangon duniya aka kai ka, zan jira ka kamar yadda iri ke jiran damina a ƙarƙashin ƙasa. Amma Asabar ɗin nan, ka zo.

Taka ce ni, yau da gobe, har ranar da gemun nan zai yi fari ba da alli ba,

Malamar Lissafi